Tabo Ɗaya a Kwandala Biyu

Na ji abin da kuka faɗa ranar Juma'a a falonku na Al Qusais, lokacin da ake zuba shinkafa. Wani cikinku ya ce Baba Isuhu ya huta, shi dai ya zauna cikin sanyi yana kallon tsofaffin kwandaloli ana biyansa. Kuka yi dariya, ni ma na yi, don bakina cike yake ban samu damar amsawa ba. To ga amsar a rubuce. Ba zan ce aikina ya fi ɗaukar kwali a rumbunan Al Quoz wuya ba, na ɗauki kwalin, na san yadda baya ke yi da yamma. Amma ku karanta tukuna kafin ku sake kiransa hutu.

Ni ɗan Damagaram ne. Mahaifina maƙerin fari ne, awarwaro da zobe da 'yan kunne na azurfa yake yi, kuma tun ban kai tsayin uwar maƙera ba nake masa zuga. Na yi lekol, wato boko, har na iya Faransanci sosai, na yi allo har na iya karanta Larabci. A farkon shekarun dubu biyu na zo Dubai, na kama aiki a wani kamfanin kago a Deira, ina ɗaure wa fatakenmu kaya ina rubuta suna a jikin kwali.

Wata Hajiya 'yar Maraɗi, cikin masu saro atamfa, ita ce sanadi. Ta zo da wata tsohuwar sarƙar kakarta mai liyari bakwai na azurfa, ta ce in raka ta ta sayar, don ba ta jin Larabci. Muka yi ta yawo a bayan kasuwar zinariya har aka nuna mana wani lungu, shago ƙarami wanda mutum uku ba za su tsaya a ciki su sake ba. Mai shagon dattijo ne baƙi siriri, da farar jallabiya da hula mai ɗinki irin ta mutanen Oman. Sunansa Salim, kowa a layin Ammi Salim yake ce masa, wato kawu. Yana cire liyaran daga sarƙa yana ajiyewa a kan gilashin tebur, ɗaya bayan ɗaya, sai na biyar ya yi wata ƙara gajeriya, kamar an jefa murfin kwalba. Ban san lokacin da na ce wa Hajiya da Hausa ba, "Wannan ba azurfa ba ce."

Dattijon bai ji Hausa ba, amma ya ga inda yatsana ya nuna. Ya ɗago ya dube ni.

"Me ka ce mata?"

Na faɗa masa da Larabcina na allo. Ya tattara liyaran ya juya min baya, ya ce in rufe ido. Ya riƙa sakinsu a kan gilashi a hargitse, ni kuma ina cewa wannan mai kyau, wannan ma, wannan a'a. Sau uku ya maimaita, sau uku ina kama shi. Ya biya Hajiya kuɗin guda shida, ya mayar mata da jabun. Muna fita ya ce, "Kai, idan ka gaji da kwali ka dawo."

Na dawo bayan wata biyu.

Aikin farko da na yi masa da hannuna, ɓarna ce. Ya tafi sallar azahar ya bar ni da wani faranti na kwandalolin azurfa da aka kawo daga wani gado, ya ce in jera su. Na ga duk sun yi baƙi-baƙi, wasu da shuɗi-shuɗi a gefe. Ɗan maƙeri ba ya ganin azurfa da duhu ya ƙyale. Na sayo lemun tsami a wurin mai shayi, na samo toka da tsumma, na zaɓi wadda ta fi kowace duhu na goge ta har ina ganin fuskata a ciki. Da ya dawo na miƙa masa ina murmushi. Ya karɓa, ya juya ta, ya zauna a hankali. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Yusuf, wannan duhun shekara ɗari ya yi yana taruwa. Shi ne shaidar cewa babu wanda ya taɓa ta. Ka cire shi a cikin minti goma." Sai ya ba ni madubi ya ce in duba. Abin da idona ke gani sumul, a ƙarƙashin madubi duk zane-zane ne, kamar an ja ƙaya a kan fata. Rabin darajarta ya tafi. Bai kore ni ba, amma wata uku cur ban taɓa komai ba sai tsintsiya da butar shayi. Ina tsaye a bayansa ina kallo.

Kayan aikinmu ba su da yawa, duk za su shiga aljihun jaka. Akwai madubin ido ɗaya, wanda mu mutanen Nijar muke kira lup, mai ƙara girman abu sau goma. Ba kwandalar ake kai wa madubi a nesa ba, madubin ake mannawa a ido, sannan a kawo kwandalar a hankali har ta fito. Wata guda na yi ina ciwon kai kafin na iya buɗe ido biyu ina duba da ɗaya. Akwai ɗan sikeli wanda numfashinka ma yana motsa shi, sai ka kau da fuska. Akwai ma'aunin faɗi da kauri, da maganaɗisu, da fitila mai wuya wadda ake karkatarwa don haske ya zo daga gefe, saboda hasken da ya faɗo daga sama yana ɓoye aibu. Akwai faranti mai shimfiɗar karammiski, ba a duba komai sai a samansa, don idan abu ya suɓuce ya faɗi a kan laushi. Kuma ba a kama kwandala a fuska, a gefe ake kamawa da yatsa biyu. Gumin yatsa ɗaya yana iya barin sawu wanda jikanka zai tarar. Ita ma waccan buga ta a gilashi da ta samo min aiki, Ammi ya hana ni. Ya ce wannan na liyarin sarƙa ne, abu mai daraja ba a jefa shi.

Sai littattafai. Bangon baya duk kundayen gwanjo ne na Turai, tsofaffi, masu hotuna, da yawansu da Faransanci. Ammi yana jin Larabci da Sawahili da Ingilishi, amma Faransanci hotunan kawai yake kallo. Da ya gane ina karantawa, sai ya zama kullum bayan la'asar in ɗauko kundi ɗaya in fassara masa, shi kuma ya tsayar da ni ya yi min bayani. Makarantata ke nan, shekara huɗu.

Muna sayen kuɗin ƙasashe da yawa, amma abin da aka san shagon da shi kayan Zanzibar ne. Tsibiri ne a gabashin Afirka wanda a da yake da sarkinsa, daga zuriyar sarakunan Oman, da tutarsa da kuɗinsa da lambobin girmansa. A can aka haifi Ammi. Yana saurayi aka kifar da sarautar, suka fito a jirgin ruwa da abin da hannu zai iya ɗauka, bai sake komawa ba. Irinsa suna da yawa a Dubai da Maskat, kuma su ne rabin masu zuwa shagon.

Kuɗin tsibirin da aka kashe a kasuwa ba su da wuyar samu, pesa ta jan ƙarfe mai hoton ma'auni za ka same ta a gwangwanin kowace tsohuwa. Abin da manyan masu tarawa ke nema shi ne kwandalar gwaji. Ga yadda take. Idan sarki zai yi sabon kuɗi, gidan buga kuɗi a Turai yakan sassaƙa hatimin ƙarfe, ya buga 'yan ƙwaya kaɗan a aika wa sarki ya gani. Wani lokaci kuɗin zinariya ne za a yi, amma gwajin sai a buga shi a jan ƙarfe. Idan sarki ya ce a canja, ko aka fasa gaba ɗaya, waɗannan 'yan ƙwayoyin su ne kaɗai suka rage a duniya. Ba su taɓa sayen ko gishiri ba. Amma ɗaya daga cikinsu tana iya sayen mota, shi ya sa maƙaryata suka fi ƙwarewa a kansu.

Masu zuwa iri-iri ne. Akwai wanda yake so a ce yana da abu, ba ya ma duba kwandalar, takardar shaida yake dubawa. Akwai ɗan kasuwa mai saye yau ya sayar gobe. Akwai tsofaffin tsibirin da ba sa sayen komai, su zo su sha gahawa, a fito musu da lambar girma mai tauraro da jan ƙyalle su riƙe, su yi Sawahili da Ammi, su tafi. Ammi bai taɓa nuna musu gajiya ba. Akwai kuma 'yan uwanmu da kan zo min da kwandala a ƙulle cikin leda, wai an tono ta a wani kango, mai ita ya ce ta yi shekara dubu. In duba in ga layin zubi a gefenta, alamar narka ƙarfe aka yi aka zuba, ba bugawa ba, in ce Alhaji, wannan ba ta girmi motarka ba. Wasu su yi dariya, wasu su daina gaishe ni.

Mai tarawa na gaskiya da na sani shi ne Abu Khalid. Ɗan kwangilar gini ne, mahaifiyarsa 'yar Zanzibar. Shekara ashirin yana tara kayan tsibirin, kusan duka ta hannun Ammi. Ba ya ciniki da ƙarfi, amma yana tambaya. Zai zauna awa biyu a kan ƙwaya ɗaya, yana son sanin wa ya riƙe ta kafin shi, ta wace hanya ta fito. Abin da ya fi ji da shi wata kwandalar gwaji ce ta jan ƙarfe, rubutun Larabci zalla gaba da baya, gwajin wani kuɗin zinariya. Ammi ne ya sayar masa tun kafin zuwana, da takarda mai sa hannunsa. Ni labarinta kawai nake ji, ban taɓa ganinta ba.

Sai shekarar da gine-gine suka tsaya. Waɗanda suke nan a lokacin sun san ta, ƙarshen shekarun dubu biyu, lokacin da ƙugiyoyin ɗaga kaya suka daskare a sama, mutane suna barin motoci a filin jirgi suna tafiya. Mu a shago sai mu yi mako ba a sayi komai ba. Kowa sayarwa yake so, kuma yawancin abin da ake kawowa na narkarwa ne. A shekarar ce kuma ciwon sukari ya gama cin idon Ammi. Ya daina duba abu da kansa, sai ya riƙe madubi don al'ada, ya miƙo min ya ce, "Me ka gani?" In faɗa, shi ya sa hannu.

Abu Khalid ya zo wata safiya, ya rame. Ayyukansa duk sun tsaya. Ya ce zai kai tarinsa gaba ɗaya gwanjo a Turai, kuma masu gwanjon suna son jeri cikakke, kowace ƙwaya da nauyinta da faɗinta da bayaninta. Kayan suna gidan gonarsa a Hatta. Ammi ya ce Yusuf zai je.

Direbansa ya ɗauke ni da sassafe. Muka bar gari, muka ratsa jan rairayi, har duwatsu suka fara fitowa baƙaƙe tsirara. Gidan yana cikin dabino, ruwa na gudu a ƙaramar magudana ta gefen katanga. Aka ba ni ɗaki mai taga ta arewa, na kafa fitila da sikeli, na jera kundaye shida da na zo da su. Kayan sun fi ƙwaya ɗari biyu, a cikin akwatin katako mai aljihuna sirara. Ranar farko na yi pesa da kuɗin azurfa da lambobi. Babu matsala, aikin Ammi ne, komai daidai.

Rana ta biyu da hantsi Abu Khalid ya kawo kwandalar gwajin da hannunsa, a akwatinta daban. Ya ce, "Ustaz Yusuf, ita ce za ta ɗauki sauran." Ya fita ya bar ni.

Na auna, nauyi daidai. Faɗi daidai. Gefenta babu layin zubi, bugawa aka yi. Launinta ruwan ƙasa mai kyau irin na tsohon jan ƙarfe. Na riga na ɗauki biro. Abin da ya rage kawai in nemo 'yar uwarta a kundi in rubuta lambar shafi, don na tuna mun taɓa karanta wata irinta da aka sayar a Turai shekaru da yawa da suka wuce. Na samo shafin. Hoton baƙi da fari ne amma mai kyau, an ƙara masa girma. A ƙarƙashinsa da Faransanci an rubuta cewa tana da ɗan tabo ƙarƙashin harafin sinun na kalmar sultan, kuma tana da lotsawa a baki wajen ƙasa.

Na mayar da madubi kan ta Abu Khalid. Ƙarƙashin sinun, ga tabo. Tsawonsa ɗaya, karkatarsa ɗaya, har ɗan reshen da ya yi a ƙarshe. Na ce to, ita ce ta hoton, ta zagayo ta zo hannun Ammi. Na juya bakinta ina neman lotsawar. Babu. Bakin lafiya lau.

Ku tsaya ku gane wannan, don shi ne duk sana'ar. Tabo hatsari ne, wani ya yar da kwandala ko ya goga ta da wani abu. Hatsari ɗaya ba ya faɗa wa kwandala biyu a wuri ɗaya da siffa ɗaya. Idan ka ga haka, to an ɗauki ta gaskiya an kwafi fuskarta an yi sabon hatimi, tabon ya bi hatimin, duk abin da aka buga da shi zai fito da tabon. Na karkata fitila na leƙa cikin tabon. Yankan gaskiya yana da kaifi a ciki, ƙarfen ya tattaru a gefensa. Wannan cikinsa sumul yake, mai laushi, launinsa ɗaya da sauran fuskar. Ba a yanke shi ba, an buga shi ne.

Na zauna har aka kira azahar. Na sake dubawa bayan salla, ko idona ne. Na sake bayan la'asar. Na gama sauran jerin a rana ta uku, na bar layinta babu komai. Abu Khalid ya lura, ya tambaya. Na ce akwai abin da nake so in tambayi Ammi tukuna. Ya dube ni, ya kira direba ya mayar da ni gari.

A hanya na yi ta juya abin. Sa hannun da ke kan takardar na mutumin da ya koya min riƙe madubi ne. Shagon da ƙyar yake numfashi, sunan Ammi ne kaɗai jarin da ya rage mana. Kuma da ban je da wannan kundin ba, da na rubuta mata lafiya da zuciya ɗaya. Ban tsaya gida ba, na wuce wurinsa, na same shi a tsakar gida bayan la'asar yana jan carbi. Na faɗa masa kamar yadda na faɗa muku.

Ya ce, "Na sayar da wannan kwandalar kana Damagaram kana goge awarwaro."

Na ce, "Haka ne, Ammi."

"Mako guda na yi ina dubanta. Da idona na da, ba wannan ba."

"Haka ne, Ammi. Amma tabon yana nan."

Ya yi wata magana da Sawahili wadda ban ji ba, ya tashi ya shiga ciki. Na jira har na fara tunanin tafiya. Sai ya leƙo ya ce, "Gobe bayan asuba. Ka samo mota."

Na ari motar wani abokina ɗan Kano mai aikin banki. Muka isa Hatta. Abu Khalid ya tarbe mu a ƙofa, ya sumbaci goshinsa, aka kawo gahawa da dabino. Ammi ya ce a fito da ita. Na kunna fitila, na buɗe shafin, na sa masa madubi a hannu. Ya daɗe yana kai ta yana kawo ta gaban idonsa. Mu duka mun san ba ya ganin komai. Daga baya ya ajiye, ya tura farantin gaban Abu Khalid.

"Kai duba, ɗana. Yusuf, nuna masa wurin."

Abu Khalid ya iya madubi. Ya duba hoton, ya duba kwandalar, ya koma hoton. Na ga lokacin da ya gani, don kafaɗunsa sun sauka. Ya ajiye madubin, ya fita ya tsaya bakin magudanar ruwa, ya dawo.

Ya ce, "Ammi, shekara goma sha wani abu tana hannuna, masana nawa suka gani ba su ce komai ba. Kai ma ba ka gani ba. A rubuta ta yadda take a takardarka. Idan na can sun gano, khalas, shi ke nan, sun gano. Idan ba su gano ba, ba mu muka ƙera ta ba."

Ban ga laifinsa ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba. Mutum ne da ruwa ya kai masa wuya.

Ammi ya ce, "Jiya ban sani ba. Yau na sani. Yusuf ba zai rubuta ba, ni ma ba zan sa hannu ba."

Sai ya sa hannu a aljihun jallabiyarsa ya fito da wani ƙullin farin ƙyalle, ya kwance a kan karammiski. Lambar girma ce ta zinariya da enamel, wato fentin gilashi, tauraro mai jan tsakiya, ƙyallenta ya koɗe. Tare da ita akwai takarda a naɗe mai hatimin fada. Shekara bakwai ina shagon ban taɓa ganinta ba. Ya ce ta mahaifinsa ce, wanda ya yi shekaru yana shigo da manyan jirage tashar Zanzibar, sarki ya rataya masa da hannunsa. Mahaifiyarsa ce ta ɗinke ta cikin matashin kai ranar da suka gudu. Lamba irin wannan, da takardarta da sunan mai ita, ba ta kasa kwandalar gwajin daraja ba.

Ya ce, "Sa wannan a layin da Yusuf ya bari."

Abu Khalid ya ja da baya kamar an miƙo masa garwashi. "Wallahi ba zan karɓa ba. Ammi, wannan mahaifinka ne."

"Mahaifina yana kabarinsa. Na sayar maka da abu na ce na gaskiya ne. Karɓi."

Suka yi ta yi, har Abu Khalid ya yi kuka, dattijon bai motsa ba. A ƙarshe ni aka ce in auna ta in rubuta. Na auna, na kwafe abin da ke takardar. A nan ne na gane cewa tun daga gida ya sako ta a aljihu, tun kafin kowa ya sake duba tabon. Maganata kaɗai ya ji jiya.

Jabun kuwa, ya ce in je mota in ɗauko kurfi, ƙarfen buga alama, da ƙaramar masaba da ya sa na taho da su. A kan dutsen bakin ƙofa na buga mata alama mai zurfi a tsakiyar fuska, yadda ba za ta sake yaudarar kowa ba.

Sai da muka fito daga duwatsu muka shiga rairayi sannan ya yi magana.

"Kwana nawa ka yi kafin ka gani?"

"Rabin yini, Ammi. Amma kundin ne ya nuna min."

"Kundin yana bangona ranar da na saye ta. Hoton ba Faransanci ba ne, ina iya dubawa. Ban duba ba. Tun ina yaro nake jin labarin kwandalar nan, da aka ajiye min ita a tebur, so nake ta zama ita ce." Sannan ya ce, "Akwai wasu biyu da na saya a hannun mutumin da ya sayar min da ita, rana ɗaya. Ɗaya tana wurin wani malami a Sharja, ɗaya wurin wani likita a Maskat. Fasfonka yana da sauran kwana?"

Haka na ƙarasa wannan shekarar, ina ƙwanƙwasa ƙofar mutanen da ba su kira ni ba, ina roƙon su bar ni in duba abin da suke alfahari da shi. Ta Sharja ta fito lafiya. Ta Maskat jabu ce, likitan ya zage ni tas kafin ya yarda ya duba, Ammi ya ba shi zaɓi cikin abin da ya rage a shago ya ɗauki mafi kyau. Kayan Abu Khalid suka tafi gwanjo, lambar tana ciki. Wani ya saye ta ta waya, ba a faɗi sunansa ba, Ammi kuma bai taɓa tambaya ba. Abu Khalid ya tsira da gonarsa. Shagon bai tsira ba. Kafin shekara ta zagayo muka kwashe kundaye, yanzu kayan waya ake sayarwa a wurin.

Ni kuma labarin ya bazu tsakanin masu tarawa, ba ta bakina ba. Likitan da ya zage ni shi ya fara aiko min da mutane. Tun daga nan da jakata nake yawo, a kira ni in duba kafin a saya, kuma sau da yawa abin da ake biyana in faɗa shi ne abin da mai kiran ba ya son ji.

Bayan an rufe shagon, 'yar Ammi ta kai shi Zanzibar, karo na farko tun fitowarsa. Ina cikin wani aiki wayata ta yi ƙara, na ji hayaniyar tasha da kukan tsuntsayen teku a bayansa.

Ya ce, "Yusuf, na sayi pesa."

Na ce, "Ammi, wa ya duba maka?"

"Babu. Wata mata ce ke sayar wa baƙi a bakin tasha. Da babban yatsana na ji layin zubin. Na tambaye ta shekarunta nawa, ta ce mijinta ne ya zuba ta ranar Talata." Ya yi dariya har da tari. "Na biya ta abin da ta ce, ban nemi ragi ba."